Kabarin da Babu Kowa a Cikinsa

Tun ranar da Baban Ummi ya bar Gyaɗi-Gyaɗi, abu ɗaya ne ya tsaya min a rai. Matan layinmu suna ta tsokanata, wai zai auri Baturiya ya manta da ni. Wannan bai taɓa hana ni barci ba. Abin da nake tsoro shi ne ya mutu a inda babu wanda ya san yadda ake yi wa Musulmi wanka. Ni dama haka Allah ya yi ni, da yawan fargaba. Yaro ya yi tari sau biyu, ni na riga na hango gadon asibiti. Lokacin da ya tafi ina da cikin Ummi wata biyar, kuma har ya koma ga Allah bai taɓa ɗaukarta a hannu ba.

Ta Agadez ya bi, ya shiga Libya, ya haye ruwa zuwa Italiya. Aikin gona yake yi, tsinkar inabi da tuffa. Irin takardar da suka ba shi ba ta barin mutum ya zo gida ya koma, don haka waya ce aurenmu. Wata rana ya turo min hoto. Yana tsaye a wani ɗaki na ƙarƙashin ƙasa, kusa da wani jan dutse da aka fafe kamar kwamin shayar da shanu, yana murmushi har haƙoransa a waje. Ya biyo da murya: "Rukayya, kin ga wannan? Kabarin wasu masoya ne a garin Verona. Daga ko'ina ake zuwa gani. In Allah ya kawo ki, nan zan fara kai ki." Na mayar masa da faɗa, na ce kabari ka samu kake yi wa dariya? Ya ce ke dai ba ki da dama.

Ummi tana da shekara huɗu aka kira ni. Wani mutum ne, Hausarsa irin ta mutanen Ghana. Ya ce ɗan'uwanmu ya faɗi a gona, an kai shi asibiti, Allah ya yi masa rasuwa. Kafin in gama salati in tambaye shi ina aka kai shi, layin ya katse. Na kira lambar nan har yatsana ya yi ciwo, ba ta sake shiga ba.

A Tarauni na yi takaba, a gidan mahaifiyarsa, Inna. Cikin masu zuwa gaisuwa wata mata ta ce, da ƙarfi kuwa, ai Turawa in gawa ba ta da mai ita ƙonewa suke yi, su zuba tokar a gwangwani. Aka zungure ta, amma Inna ta riga ta ji. Daga ranar abinci ya daina shigarta sai da lallashi. Wata safiya ina shafa mata man zafi a ƙafa ta ce, "Rukayya, ni mutuwarsa na karɓa, Allah ne ya ba ni, ya karɓi abinsa. Abu ɗaya nake so in sani kafin in bi shi. Ƙasa aka sa shi, ko wuta?"

Hanyar zuwa Italiya ta zo ta hannun Hajiya Balaraba ta Daurawa, wadda nake yi wa kitso da lalle. Tana sarin takalma da jakunkuna daga Italiya, ga ciwon gwiwa ya sako ta gaba, tana neman macen da za ta riƙa ɗaukar mata kaya tana danna mata ƙafa. Ita ta yi ta fama da takarduna, aka kusa shekara kafin su fito. Maƙwabciyarmu Maman Dauda, malamar firamare 'yar Zonkwa, da ta ji garin da zan nema sai ta kawo min ƙullin kuka da daddawa da yaji, da wata 'yar takarda. Ta ce ƙanwarta Rahila tana aikin kula da wata tsohuwa a Verona, ga lambarta, in kai mata.

Bari in faɗi dabarar da na tafi da ita, don ita ce ta kai ni inda ta kai ni. A makabartar Tarauni akwai tsofaffin da ke zama ƙarƙashin bishiya a bakin ƙofa, masu haƙa. Lokacin da yayana ya dawo daga Legas bayan shekaru yana neman kabarin mahaifinmu, ɗaya daga cikinsu ya tashi ya kai shi har wurin, babu littafi, babu lamba. To ni a tunanina kowace makabarta a duniya tana da irin tsohon nan. Ga kuma hoton makabartar Verona a wayata, da mijina a tsaye a ciki. Na ce aikin mai sauƙi ne: in nemi wurin, in nemi tsohon, in nuna masa fuska.

Zangon farko Milan. Kwana shida ina bin Hajiya daga wannan rumbun kaya zuwa wancan, jaka a kowace kafaɗa. Sanyin garin har cikin haƙori yake shiga. Abincinsu taliya ce da ba ta san yaji ba, da burodi mai tauri kamar an manta da shi. A titi kowa da sauri, babu mai ce maka sannu, kuma ko an bangaje ka ba a juyowa. Wayata ba ta aiki sai a masauki, don haka da mun dawo nake kiran gida. Ummi ta kan manna fuskarta a wayar ta ce, "Umma, kin ga Baba?" Ita a wurinta ai Baba a cikin waya yake, kuma yanzu ni ma na shiga wayar.

Ranar Laraba da safe Hajiya ta sa ni a jirgin ƙasa. Ta ce, "Kwana uku na ba ki. Asabar da hantsi ina so in gan ki a nan, don jirginmu ba zai jira kukanki ba. Kuma kar ki yarda da kowa."

Ban yi awa ɗaya a Verona ba na yarda da wani.

Ina tsaye a gaban tasha, na rasa gabas da yamma, sai na ji an ce, "Ƙanwata, sannu da hanya. Daga Kano ko?" Wallahi sai da hawaye ya zo min. Mutum ne mai 'yar furfura, da carbi a hannu, ya ce sunansa Sabo, ya daɗe a garin. Na ba shi labari duka, na nuna masa hoton. Ya daɗe yana kallo. Na ga gefen bakinsa ya ɗan motsa kamar mai danne dariya. Na gani da idona, amma na ƙi gani, don shi kaɗai ne a duk garin yake jin abin da nake faɗa.

"Allahu akbar," ya ce. "Na san wurin. Duk baƙon da ya rasu nan ake kai shi. Sai dai mutanen ofishinsu ba sa buɗe littafi haka kawai, sai an ɗan taɓa musu hannu."

Na ce ba ni da komai sai na jirgin komawa. Idonsa ya tsaya a kunnena. 'Yan kunnen zinari ne, na cikin lefena, Baban Ummi da kansa ya zaɓa a Sabon Gari. Na cire na ba shi. Muka yi tafiyar ƙafa, ya kai ni wani tsohon gini, ya karɓo min takardar shiga a taga. Ya nuna min hanya ya ce, "Shiga ki sauka matakala, ki yi musu sallama. Bari in kirawo mai littafin."

Abin da na fara gani a tsakar gidan amarya ce. Farar riga har tana jan ƙasa, ango na riƙe da ƙugunta, ana ta tafi ana ɗaukar hoto. Na ce a raina, wane irin gari ne wannan da ake ɗaurin aure a makabarta? Na kawar da kai na wuce.

Ni ban taɓa shiga makabarta ba, mu mata ba ma zuwa. Abin da na sani shi ne abin da na ji yayana yana faɗa: ka yi sallama, ka rage murya, kar ka taka kowa. Don haka a bakin matakalar na cire takalmana na riƙe a hannu. Dutsen kamar ƙanƙara. Na sauka ina cewa assalamu alaikum ya ku ma'abota kaburbura, ina karanta duk abin da na iya. Ɗakin ƙarami ne, rufinsa a lanƙwashe, yana warin danshi. Mutane cike, wasu da gajeren wando, wata tana taunar cingam. Saurayi da budurwa sun jingina da bango suna abin da ba zan faɗa ba. Na bi bayan mutane har layi ya zo kaina, sai ga jan dutsen nan, shi ɗin dai na cikin hoton, har da inda bakinsa ya ɓantare. Na tsaya daidai inda mijina ya tsaya. Na leƙa ciki.

Babu murfi. Babu gawa, babu ƙashi, babu ko ƙasa. 'Yan takardu ne kawai a nannaɗe da busasshen fure.

Abin da ya zo min shi ne maganar matar nan ta wurin gaisuwa. Na ce shi ke nan, gaskiya ta faɗa. In har waɗanda duk duniya ke zuwa gani an kwashe su an ƙone, an bar rami ana hoto da shi, ina ga baƙo ɗan Tarauni da ba shi da kowa? Na waiga ina neman sauran kaburburan, babu. Na nemi tsohon bakin ƙofa, babu tsoho, sai wata mata mai rigar aiki da tabarau a rataye a wuya. Na je na miƙa mata wayata da hoton, ina nuna shi, ina nuna ƙasa, ina cewa mijina, mijina. Ta yi murmushi, ta karɓi wayar, ta ja da baya, ta ɗaga ta saitin fuskata. Hoto take so ta ɗauke ni a inda ya tsaya.

Nan na zube. Kukan da ban yi a takaba ba saboda Inna, a ɗakin nan na yi shi. Wata Baturiya ta dafa kafaɗata, ita ma idonta ya yi ja, tana gyaɗa kai tana nuna dutsen, wai ta gane abin da ke damuna. Wani ya ɗauke mu hoto.

Matar mai tabarau ce ta fara lura da ƙafata babu takalmi. Fuskarta ta sauya. Ta kama hannuna ta hau da ni sama, ta zaunar da ni a kujerarta, ta kawo ruwa, ta durƙusa da kanta ta tura min takalman. Na zauna ina kallon ƙofa ko Sabo zai shigo da mai littafi, har inuwar ginshiƙan ta juya. Da na tabbata ba zai zo ba, sai na kwance bakin zanina na ba ta takardar Maman Dauda. Ta kira da wayarta.

La'asar ta yi sai ga wata gajeriyar mata da ƙatuwar rigar sanyi tana haki. "Ke ce 'yar Gyaɗi-Gyaɗin? Tun shekaranjiya Yaya take damuna da waya, wai kin iso? Ina kukata?" Ta ga fuskata sai ta daina dariya. Ta zauna, na faɗa mata komai. Da na kai kan ramin da babu kowa, ta dafe kai.

"Wayyo Rukayya. Nan ba makabarta ba ce. Ba a taɓa binne kowa a dutsen nan ba da sunan yarinyar da ake faɗa. Yarinyar ma ba a taɓa haifarta ba."

Na ce kamar yaya ba a haife ta ba?

"Wasan kwaikwayo ne, na da can. Wani ne ya zauna ya ƙirƙira. Gida biyu ne ba sa ga maciji, 'ya'yansu suka so juna. Yarinyar ta sha wani magani don a zaci ta mutu, aka kai ta kabari. Shi kuma ya zo ya tarar da ita a kwance, ya ɗauka da gaske ne, ya kashe kansa. Ta farka ta gan shi, ita ma ta bi shi. To mutane suka yi ta zuwa garin suna tambaya ina kabarin, sai aka samo musu dutse."

Na ce, "To babu wanda ya aika masa ya ce ba mutuwa ta yi ba?"

Ta ce, "An aika. Saƙon ne bai isa ba."

Can na ce, "Na yi wa dutse sallama ke nan. Har Ƙulhuwallahu na karanta masa."

"Ba ta faɗi ƙasa ba, Allah ya san inda zai kai ta. Shi ma mijinki ina jin bai sani ba, ya ga ana hoto ya yi." Sai ta kalli kunnena. "Wannan mai carbin kuwa na san shi, a tasha yake wuni. Bara wata 'yar Jos ya yi wa, a lokacin sunansa Bitrus. Tashi mu je, kin yi kalar yunwa."

A ɗan ɗakinta ta tuƙa tuwon semo, na kaɗa miyar kukar da na kawo. Ta ci tana lumshe ido tana cewa yau ta koma Tarauni. Ashe a bayan kasuwar Tarauni ta girma, ta san mai ƙosan da nake saya wa Ummi. Ta shimfiɗa min tawul mai tsabta ta ce, "Yi sallarki, gabas nan ne, wajen firij. Wata 'yar Maroko ce ta nuna min."

Alhamis ta roƙi wata ta zauna mata da tsohuwarta, muka tafi babbar makabartar gari. A nan na ga abin da ban taɓa zato ba: bango dogo, an yi masa aljihu-aljihu kamar durowa, tun daga ƙasa har sama, kowane da hoton mutum da fure. Har tsani ake hawa a gaida na sama. Na riƙe hannun Rahila na ce, su waɗannan ba su taɓa ƙasa ba? Ta ce kar ki kalla, zo mu je ofis.

Mutumin ofis ya juyo da fuskar na'urarsa ya ce suna. Rahila ta kalle ni. Tun da aka ɗaura mana aure bakina bai taɓa furta sunan nan ba, ko a bayan idonsa. Sai ga shi a gaban Bature na buɗe baki na ce Nasiru. Na faɗi na mahaifinsa. Ya buga, ya girgiza kai. Ya juya sunayen, ya buga. Ya sauya haruffa. Babu. Ya kira wani wuri a waya, nan ma babu.

Da muka fito Rahila ta ce, "Rukayya, waɗanda suka hayo ta ruwa da yawa ba sa ba da sunansu na gaskiya. Suna tsoron a mayar da su. Wane suna ya ba su?"

Shekara huɗu muna waya kusan kullum. Na san abin da yake ci, na san takalminsa ya ɓule a hagu, na san sunan karen mai gonar. Wannan kaɗai ban taɓa tambaya ba, don ban san ana tambaya ba.

Juma'a ce ranata ta ƙarshe. Rahila ta ce saura wuri ɗaya. Ta ari gyalena ta yafa, ta ce in Yaya ta gan ta haka sai ta faɗi don dariya. Muka je wani rumbun ajiye kaya a bayan gari, wanda aka mayar masallaci. Muka tsaya a bakin ƙofa aka idar, maza suna fitowa suna neman takalma, ni kuma na ɗaga waya sama kamar mai talla. Larabawa, 'yan Senegal, 'yan Pakistan, kowa ya kalla ya wuce. Na kusa sauke hannu sai wani dogon mutum ɗan Senegal ya dawo da baya, ya ƙura ido, ya ce, "Tarauni!"

Na zaci unguwarmu ya sani. Ashe sunan mijina yake faɗa. Da aka tambaye shi suna a bakin ruwa ranar da ya sauka Italiya, Musa Tarauni ya ce musu. Musa sunan kakansa ne. Mutumin ya gaya wa Rahila sun yi tsinkar inabi tare, ya ji labarin rasuwar amma yana wani gari lokacin, bai je ba. Ya rubuta mana sunan ƙauyen da gonar take.

Motar da muka shiga ta yi ta ratsa gonakin inabi, ni ina ta kallon rana tana sauka. Makabartar ƙauyen ƙarama ce, da dogayen bishiyoyi masu tsini. Ita ma da bangon durowar nan, na sunkuyar da kai na wuce shi. A can ƙarshe akwai fili na ƙasa zalla, da ƙananan alluna a kafe. Rahila ta fara daga wancan layi tana karantawa ɗaya bayan ɗaya. Ni a aji huɗu na bar makaranta, karatun boko sai na bi da yatsa. Amma akwai kalmar da nake gani kullum a allon sakatariya da na kasuwa in ina cikin adaidaita sahu, na san surarta kamar fuskar mutum. A layi na uku, kusa da katanga, na gan ta. Na cire takalmana.

Tudun ƙasa ne. Ƙasa sosai, har ciyawa ta fito a kai. Na durƙusa na yi masa sallama, na ce ga ni na zo, Ummi tana gaishe ka, ta yi wayo, tana da wushiryarka. Abin da na faɗa bayan wannan tsakanina da shi ne.

Da na ɗago sai na lura da wani abu. Duk kaburburan layin a miƙe suke kamar an ja zare, nasa kaɗai ne a karkace. Raina ya ɓaci, na ce ko don baƙo ne aka jefa shi yadda aka ga dama. Sai ga wani tsoho ya taho da butar ban ruwa, da shuɗiyar rigar aiki duk ƙasa a gwiwa. Rahila ta tambaye shi. Bai buɗe littafi ba. Ya ajiye butar ya fara magana da hannu da baki, tana juya min da Hausa.

Ya ce yana tune da ranar, ana ruwa. Mutum shida ne suka zo da akwatin, baƙaƙe biyar da Balarabe ɗaya. Ya riga ya haƙa ramin daidai da na kowa, suka ce a'a. Suka fito da waya suna juyawa, suna nuna wani gefe, suna gardama da shi. Ya ce musu doka ta ce layi. Suka tsaya cikin ruwan suka ƙi tafiya. Da ya gaji sai ya ɗauki shebur ya faɗaɗa ramin ta gefe, su ma suka karɓa suka taya shi. Sannan suka jera a bayan akwatin.

Nan tsohon ya daina magana. Ya miƙe tsaye, ya haɗa ƙafafunsa, ya ɗaga hannuwansa biyu zuwa kunne, ya sauke su a ƙirji. Ya ce abin da ya ba shi mamaki, ya sha ganin Musulmi suna salla suna kai goshi ƙasa, amma waɗannan har suka gama ba wanda ya sunkuya.

Rahila ta ce, "Ni ban gane wannan ba. Ba su ƙarasa ba ne?"

Na ce, "Sun ƙarasa. Haka ake yin ta."

Wanka kam tsohon bai sani ba, a rufe aka kawo akwatin. Amma mutanen da suka tsaya cikin ruwa suna faɗa a kan alƙibla, ban yi zaton sun bar wanka ba. A kan wannan na tsaya.

Sai ya ƙara wata magana yana nuna filin, na ga Rahila ba ta juya min ba. Na ce faɗa min. Ta ce ba komai. Na ce na ga fuskarki. Ta ce, "A filin nan shekara goma ake barin mutum. In ta cika sai a tono ƙasusuwan. In da dangi, su zo su ce ga yadda za a yi. In babu, a haɗa da na sauran a ɗaki guda." Ta ce za a manna sanarwa a ƙofa in lokacin ya yi. Sanarwa da sunan Musa Tarauni, a harshen da ba na ji, a ƙofar da ba zan gani ba.

Na so in ɗebo ƙasar ko cikin tafin hannu ce in kai wa Inna, sai na tuna abin da ake cewa a kan mai ɗibar ƙasar kabari, na fasa. Tsohon ya zuba wa ciyawar ruwa daga butarsa kafin mu tafi.

Da na dawo, ban sauke jaka a Gyaɗi-Gyaɗi ba sai da na je Tarauni. Idon Inna ya yi rauni, hoto ba ya yi mata amfani. Ta kama wuyan hannuna ta ce, "Rantse." Na ce, "Wallahi ƙasa ce, Inna, na durƙusa a kanta. An yi masa salla, mutum shida, kuma yana kallon gabas." Ta saki hannuna, ta daɗe tana motsa baki. Can ta ce a ɗumamo mata tuwon jiya.

Maganar shekara goman ban faɗa mata ba, kuma ba zan faɗa ba. Biyu sun riga sun tafi. Rahila ta ce za ta riƙa leƙawa, amma ita ma tsohuwarta ta kusa, ba ta san garin da aiki zai kai ta ba. Wani lokaci ina cikin kitso sai in tuna layin mutanen nan a matakala, daga ko'ina a duniya, suna jiran su leƙa ramin yarinyar da ba a haifa ba, ga nawa can bayan gonaki, mutum na gaske mai 'ya, sai tsoho mai buta.

Roƙona biyu ne. In kana da wani a waje, kira shi yau ka tambaye shi sunan da ya rubuta musu, ka rubuta ka ajiye. In kuma kana zaune a wajen Verona, ko Allah zai kai ka, sunan ƙauyen yana nan a takarda cikin jakar Alƙur'anina, ka aiko in ba ka. Layi na uku ne, kusa da katanga, wanda yake a karkace. Ka yi masa sallama, sannan ka duba min ƙofar ko an manna wani abu.